Yada Zango a Kan Dutse: Daga Fadikpe Zuwa Duwatsun Shere

Gabatarwa

Ranar da na gaya wa mahaifina cewa ni da abokan karatuna biyar za mu tafi Jos mu kwana uku a cikin tanti a gindin dutse, sai ya dube ni ya ce, "Rufin ɗakinka ne yake yoyo?" Na ce a'a. Ya ce, "To wa ya kore ka?" Na ce, "Baba, babu wanda ya kore ni, hutu kawai za mu je yi." Ya girgiza kai ya ce, "Kakanninmu sun daɗe a kan dutse saboda tsoron mahara. Da aka sami zaman lafiya suka sauko. Kai kuma za ka biya kuɗin mota ka koma."

Ni Bagwari ne, a unguwar Fadikpe ta cikin Minna aka haife ni. Gbagyi muke yi a gida. Hausa kuwa a bakin titi da kasuwa na tsince ta, kafin in zo jami'a in ɗauke ta a matsayin fannin karatu. Abin da ya jawo wannan tafiya shi ne wani aikin gida a darasin fassara. Malam ya ba mu wani ɗan rubutu na Turanci a kan wasu iyali 'yan Amurka da suka tafi hutu wani gari na kan duwatsu a cikin irin motar nan da ake kwana a cikinta. Muka yi ta fama, domin babu wanda ya taɓa ganin motar a cikinmu, kuma babu wanda ya taɓa barin gadonsa ya je ya kwanta a daji don jin daɗi. Malam ya ce mai fassarar abin da bai gane ba kalmomi kawai yake jerawa. Wannan maƙala za ta yi bayanin irin wannan hutu, da dalilin da ya sa garuruwan kan dutse suke jan baƙi, da kalmomin da Hausa take da su a wannan fage, sannan da abin da muka gani da muka gwada namu daidai ƙarfin aljihunmu.

Wace Irin Mota Ce?

Amurkawa suna kiran motar da haruffa biyu, RV, wato motar shaƙatawa. Iri biyu ce. Akwai wadda take da injinta, kamar bas ɗin da aka mayar ɗaki da falo. Akwai kuma wadda ba ta da inji, sai an ɗaura ta a bayan wata mota an ja. A ciki akwai gado da wurin zama da ɗan madafi da firji da makewayi. Akasarinsu suna da tankunan ruwa uku: na ruwa mai tsabta, da na ruwan da aka yi wanka ko wanke-wanke da shi, da na bayan gida. Wutar lantarki daga batir take zuwa, ko janareta, ko farantin hasken rana da ke kan rufi.

Motar ita kaɗai ba ta isa ba. Abin da ya sa take da amfani shi ne filayen da aka tanada dominta. Akan yanka fili ƙanana-ƙanana, kowane yanki da soket na wuta da famfo da bututun zubar da ƙazanta. Mutum ya biya kuɗin kwana, ya jona motarsa, ya zauna kwana biyu ko mako guda. A lokacin zafi, in ba a kama wuri tun da watanni ba, ba a samu.

Al'adar ta daɗe. A Ingila, a 1885, wani likita marubuci mai suna William Gordon Stables ya sa aka ƙera masa ɗaki a kan ƙafafun keken doki don yawon shan iska kawai, kuma a 1907 masu irin wannan sha'awa suka kafa ƙungiya. A Amurka kuwa abin ya bunƙasa tare da yawaitar motoci da kuma keɓe dazuzzuka da duwatsu da gwamnati ta yi don jama'a, tun daga Yellowstone a 1872. Garuruwan da suke bakin irin waɗannan wurare da baƙi suke rayuwa. Misali, Gatlinburg a jihar Tennessee mazaunansa ba su kai 5,000 ba, amma gandun duwatsun da ke ƙofarsa, wanda aka kafa a 1934, yana karɓar baƙi fiye da miliyan 10 a shekara.

Wani abin da zai ba ɗalibin harshe sha'awa shi ne sunan da mutanen Ingila suke kiran wadda ake ja, wato karaban. Asalin kalmar daga Farisanci take, kuma ma'anarta ayari. Ashe Bature da ya tashi raɗa wa ɗakin yawonsa suna, sunan ayarin fatake ya ara.

Kalmomin da Muke da Su

Wannan ya sa na koma na duba rumbun Hausa, na tarar ba fanko ba ne. Bahaushe ya daɗe yana kwana a hanya. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni suna tafiya a ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba yana duba hanya. Inda ayari ya sauke kaya ya kwana shi ne zango, kuma tafiyar da ke tsakanin wannan masauki da na gaba ita ma zango ce. Daga nan aka sami "yada zango". Wasu zangunan sun zama garuruwa, irin su Zangon Kataf a jihar Kaduna da Zangon Daura a jihar Katsina. A Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana har yau zango ake kiran unguwannin baƙi 'yan arewa. Mu ma a makaranta muna cewa zangon karatu na farko da na biyu, kamar dai shekarar karatu doguwar hanya ce da ake yanka ta.

Akwai sansani, wanda asalinsa na mayaƙa ne, shi ya sa ake cewa sansanin 'yan gudun hijira da sansanin masu yi wa ƙasa hidima, irin wanda ke Paiko kusa da mu. Akwai mashekari, inda makiyaya suke sauka na ɗan lokaci da dabbobinsu. Akwai tunga, ƙaramin mazaunin masunta ko mafarauta ko manoma, ga kuma babbar unguwa a Minna mai wannan suna. Akwai kiskadi, inda gardawa suke keɓewa a bayan gari don karatu. Wajen abin da ake kwana a ciki kuma akwai bukka da rumfa, da tanti wanda aka aro daga Turanci, da laima wadda ta fito daga kalmar Larabci mai nufin tanti, amma a yau ta fi nufin abin tare ruwan sama.

Mai karatu zai lura cewa kowace daga cikin waɗannan kalmomi tana ɗauke da dalili: ciniki, yaƙi, kiwo, su, karatu. Haka ma sunayen tafiya, kamar fatauci da ci-rani da ziyara da hijira. Tafiyar da ba ta da dalili kuwa sunanta ba shi da kyau, yawon duniya ko yawon dandi ake ce mata. "Yawon buɗe ido" sabuwar magana ce da kafofin watsa labarai suka yaɗa. Saboda haka tambayar mahaifina tana kan hanya. A harshensa da kuma a Hausa, wanda ya bar ɗakinsa ya kwana a waje yana da abin da ya fitar da shi.

Ita kuwa motar, bayan mun yi ta gardama a aji, sai wata abokiyar karatunmu ta tuna mana da "tafi-da-gidanka". Hausa ta riga ta yi amfani da wannan harɗaɗɗen suna ga wayar hannu da kotun da ke bin mutane inda suke. Ginin sunan iri ɗaya ne da na a-kori-kura da a-daidaita-sahu da faɗi-ka-mutu, inda jimla sukutum take zama suna. A wurin waya da kotu, gidan na kamance ne. A wurin wannan mota kuwa gidan ne da kansa ake tafiya da shi.

Me Ya Sa Sai Kan Dutse?

Amsa ta farko ita ce sanyi. Duk hawan mita 1,000 da aka yi, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Dalili shi ne iskar sama ba ta da nauyin da ke danne ta kamar ta ƙasa, don haka iskar da ta hau sai ta buɗe, in ta buɗe kuma sai ta huce. Minna ba ta kai mita 300 a kan teku ba. Jos tana wajen mita 1,200. Ƙololuwar duwatsun Shere, waɗanda ke gabas da garin da kimanin kilomita 10, ta kai mita 1,829. In aka yi lissafi, Jos za ta fi Minna sanyi da wajen digiri 6, kan Shere kuma da wajen 10. Wanda ya san Minna a watan Maris, lokacin da bango yake gasa mutum har tsakar dare, ya san digiri 10 ba abin wasa ba ne.

Wannan hawan iska shi ne kuma yake kawo ruwa. Iskar damina mai laima in ta bugi gefen tudun ta hau, sai ta huce ta zubar da abin da ta ɗauko. Shi ya sa manyan koguna suke da tushe a can, ciki har da Gongola da Kaduna. Kogin Kaduna shi ne ya gangaro har jiharmu ta Neja, aka tare shi a Shiroro, inda tashar lantarki ta fara aiki a 1990. Wato ruwan da ya sauka a kusa da Vom yana da hannu a wutar da muke gani a Fadikpe.

Amsa ta biyu tarihi ce. Turawan mulkin mallaka sun sha wuyar zafi da zazzaɓin cizon sauro, sai suka riƙa neman tuddai su huta. A Indiya sun mayar da Shimla hedikwatar lokacin zafi a 1864. Jamusawa sun kai hedikwatar Kamaru Buea, a jikin dutse, a farkon shekarun 1900. A Nijeriya Jos ce ta sami wannan matsayi, har akwai otal mai suna Hill Station, 'yan mishan kuma suka gina gidan hutu a Miango. Sai dai abin da ya kafa garin kuza ce. Saboda ita aka ja ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa a 1914, babban layi kuma ya iso ta Kafanchan a 1927. A nan Jos da Minna 'yan uwa ne, domin ita ma Minna mahaɗar jirgin ƙasa ce ta raya ta.

Ya kamata a tuna cewa sanyin da ya zama hutu ga wasu azaba ya zama ga wasu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace ma'adinan kuzar Malaya a 1942, gwamnatin Ingila ta ɗebo mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa don haƙar kuza, abin da aka kira ɗiban gwamna. Da yawa sun zo daga ƙasashe masu zafi ba su da mayafin kirki, cututtukan sanyi da ƙarancin abinci suka kashe su. Manyan kududdufan da mai yawon buɗe ido yake ɗauka hoto a yau ramukan wannan sana'a ce.

Hanya

Motar tafi-da-gidanka ba ta cikin lissafinmu. Mun haɗa kuɗi muka ɗauki shatar ƙaramar bas a watan Janairu, muka cire kujerar baya. Muka loda tanti biyu na aro, da tabarmi da katifun makaranta, da jarkoki huɗu na ruwa, da ƙaramar tukunyar gas, da fitila mai caji da rana. Guzuri kuwa doya ce da wake da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da ganyen shayi. Direban ya dubi kayan ya ce, "Samari, tashi za ku yi ko aure za ku kai?"

Mun bar Fadikpe ƙarfe 6 na safe. Muka wuce Paiko da Lambata, muka bar mararrabar da ke kaiwa ga faɗuwar ruwan Gurara, muka shiga Suleja. A Madalla dutsen Zuma ya tsaya a gabanmu, wanda hotonsa yake jikin takardar naira 100. Muka ratsa Abuja, sai Keffi, sai Akwanga. Tafiyar gaba ɗaya ta fi kilomita 400.

Inda mutum zai san ya zo ƙasar tudu shi ne Hawan Kibo. Hanya ce mai lanƙwasa da take hawa gefen tudun, faɗuwar ruwan Assop tana kusa da gindinta. Muna tsakiyar hawa sai allurar zafi ta tashi, tururi ya fara fita. Direba ya gangara gefe, muka sa duwatsu a bayan tayoyi. Ɗaya daga cikinmu ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, direban ya daka masa tsawa, domin ruwan da ke ciki a matse yake, in aka buɗe da zafinsa fuska zai wanke wa mutum. Sai da muka jira fiye da rabin awa. Jarka ɗaya daga cikin ruwan shanmu a nan ta tafi. Direban ya ce hawa inji yake ci, gangara kuwa birki take ci, kuma gangarar ta fi kisa. Wanda ya dogara da birki kaɗai zai ƙona shi, dole a sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar. Tun daga saman hawan kunnuwana suka toshe, muka fara rufe tagogi.

Yadda Muka Yada Zango

Ba mu je kai tsaye muka kafa tanti ba. Ɗaya daga cikinmu ɗan ƙabilar Afizere ne, waɗanda Hausawa suke kira Jarawa, kuma ƙauyensu yana gindin duwatsun. Kawunsa ya kai mu wurin mai unguwa. Muka durƙusa muka gaishe shi, kawun ya yi bayani. Dattijon ya ce, "'Ya'yana, ga ɗakuna a gida, me za ku yi a waje?" Na ce, "Ranka ya daɗe, karatu ne ya kawo mu, muna so mu ga yadda kwanan waje yake." Da ya ji kalmar karatu sai ya yarda. Ya nuna mana wani fili a bayan gona, ya haɗa mu da saurayi ɗaya ya zama jagoranmu, ya kuma faɗa mana wani ɓangaren dutse da ba a yarda baƙo ya shiga ba.

Jagoran nan ya koya mana abin da babu a littafi. Mun so mu kafa tanti a cikin wani kwari mai kyan gani, ya hana. Ya ce da dare sanyi gangarowa yake yi kamar ruwa ya taru a kwari, da damina kuma ruwan ne da kansa zai zo. Kan tudu ma bai yi ba saboda iska. Ya zaɓa mana gefen wani babban dutse da ya tare iskar hunturu mai zuwa daga arewa maso gabas, ya ce mu juya ƙofar tanti ta ba iskar baya. Ya sa muka share busasshiyar ciyawa kewaye da inda za mu hura wuta, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gonakin mutane. Ya nuna mana inda za mu haƙa ramin bayan gida, nesa da rafin da ƙauyen yake sha. Ya ce kowa ya kakkaɓe takalminsa da safe saboda kunama.

Waken da muka ɗora ya ƙi nuna da wuri. Daga baya na gane dalili: a irin wannan tsayi ruwa yana tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100, saboda haka abinci yana ɗaukar lokaci, ga iska tana kwashe zafin wuta.

Babban kuskurenmu shi ne mayafi. Mun zo da zannuwan gado irin na Minna. Wajen ƙarfe 3 na dare na farka haƙorana suna haɗuwa. Na sa riguna uku da safa a hannu. Biyu daga cikinmu suka gudu cikin bas, ba su yi awa ɗaya ba suka dawo, domin ƙarfe ya fi tanti ɗaukar sanyi. A nan na gane dalilin da ya sa ake cusa abin tare sanyi a bangon motar tafi-da-gidanka, a kuma sa mata na'urar ɗumama ɗaki. Na kuma gane cewa sanyin da ya fi cutarwa daga ƙasa yake shigowa, don haka abin da aka shimfiɗa ya kai abin da aka rufa muhimmanci. Da gari ya waye matar kawun abokinmu ta aiko mana da barguna uku da tukunyar gwate mai zafi na acca da ganye. Yaron da ya kawo ya ce, "Mama ta ce a gaishe da sojoji."

Ranar ta biyu muka hau. Duwatsun manyan curarru ne da suka hau kan juna, wani wuri sai da rarrafe. Mun yi kusan awa uku kafin mu kai ɗaya daga cikin ƙololuwan. Daga can ana hango garin Jos da madatsun ruwa da gonaki masu shingen ƙerana. A cikin duwatsun nan ne cibiyar horar da matasa shugabanci da zama ɗan ƙasa nagari take da makarantarta, wadda tushenta yake komawa ga horon da aka fara a Man O' War Bay a 1951. Wato kwana a tanti da hawan dutse sun daɗe a wurin, amma a matsayin horo.

Ranar ta uku muka shiga gari. Gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana da gumakan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tono su a wuraren haƙar kuza. Kusa da shi an gina kwaikwayon gine-ginen gargajiya na ƙasar nan, ciki har da ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19. Ni da nake haddace kalmomi irin su tubali da azara da zanko don jarrabawa, ranar na gan su da idona.

Hausar da Na Ji

Mu shida ne: Gwarawa biyu, Banufe ɗaya, Bajari ɗaya, Bayarabe haifaffen Kwantagora, da Bakano ɗaya. In aka ƙara direba da jagora da mai unguwa, mutum ɗaya ne kawai a cikin tara ya sha Hausa a nono. Duk da haka da ita muka nemi izini, da ita muka yi ciniki, da ita aka yi mana faɗa.

Hausar da na ji a gindin Shere ta yi kama da wadda na tashi da ita a Fadikpe. Ba a cika bambanta jinsi ba, sai ka ji an ce "mace ya zo" ko "motan ya lalace". Ƙ takan koma k, tsawon wasali kuma ba kullum ake kiyaye shi ba. Waɗannan su ne wuraren da jan biron Malam ya fi sauka a takarduna tun ina aji ɗaya, kuma na daɗe ina jin kunyar buɗe baki a gaban 'yan ajinmu na Kano da Katsina. A wannan tafiya na ga abin ta wata fuska. Daidaitacciyar Hausa wajibi ce a kanmu a rubutu da koyarwa, ban ja da wannan ba. Amma wannan ɗayar ita ce harshen hulɗar miliyoyin mutane daga Neja zuwa Filato, tana da tsarinta, kuma ta cancanci a yi nazarinta. Mai neman batun kundin digiri ga fili nan.

Abin da Ke Hana Ruwa Gudu

Da zan tafi, mahaifiyata ce ta faɗi ainihin abin da ke ran mahaifina: tsoro. Taken jihar Filato shi ne gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, amma Jos ta ga rikici a Satumbar 2001 da Nuwambar 2008 da Janairun 2010, kuma a Disambar 2023 an kashe mutane fiye da 100 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Mu ma a Neja ba mu tsira ba. An sace ɗalibai a Kagara a Fabrairun 2021, ƙauyukan Shiroro kuma sun sha hare-hare. Wanda zai rubuta a kan kwanan daji a ƙasar nan ya tsallake wannan bai faɗi gaskiya ba.

Motar tafi-da-gidanka tana bukatar abu huɗu: hanya mai kyau, mai da za a iya saya, filin da aka tanada, da kwanciyar hankalin da mutum zai rufe ido a inda ba a san shi ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota shi ya cinye mafi yawan abin da muka tara. Abin da ya tsaya mana a madadin fili mai soket da famfo shi ne mutane: kawu da mai unguwa da jagora da mai gwate. Haka fatake ma suke yi, kowane zango da mai masaukinsa.

Ga wanda yake da niyya, ga abin da zan ce:

1. Kada a je inda ba a da ɗan gari, kuma a nemi izinin mai unguwa kafin a sauke kaya.
2. A tambayi halin da hanya da yankin suke ciki a makon tafiyar, kada a yi tafiyar dare.
3. A duba birki da lagireto da safaya, a riƙe ruwa fiye da yadda ake zato.
4. Daga Disamba zuwa Fabrairu a tafi da bargo da hular sanyi da shimfiɗa mai kauri. Da damina duwatsun suna da santsi.
5. Kada a yi iyo a kududdufan kuza, suna da zurfi kuma gefensu a tsaye yake.
6. A kashe wuta da ruwa, a kwashe leda da gwangwani a tafi da su.

Jiharmu ma tana da wuraren da za su karɓi irin wannan baƙunci: Gurara da Zuma da Zungeru, inda Lugga ya kafa hedikwatar Arewa a 1902. Abin da ake bukata a farko bai wuce fili mai shinge da ruwa da makewayi da masu gadi 'yan garin ba, yadda kuɗin baƙo zai shiga hannun mai doya da mai shayi da jagora.

Kammalawa

Da muka dawo na sake aikin fassarar. Na kira motar "motar tafi-da-gidanka", filin da take sauka kuma "zangon motoci", aikin kansa "yada zango don shaƙatawa". Malam ya karɓi biyun farko, ya ce na ukun ya yi tsawo, in sake tunani. Ina roƙon 'yan uwana ɗalibai, duk wanda yake da kalmar da ta fi wannan ya aiko wa wannan mujalla.

Mahaifina kuwa na kawo masa tsarabar dankalin turawa rabin buhu. Ya tambaye ni abin da na samo a kan dutsen. Na ba shi labarin sanyi da barguna da wurin da aka hana mu shiga. Ya yi shiru, sannan ya ce tsofaffinmu ma suna da irin wannan wuri a kan dutsen Paida, inda Gwarawan Minna suka zauna a zamanin hare-haren Kwantagora, kuma kakarsa takan ba su labarin yadda mata suke hawa da ruwa a kafaɗa. Shekarata ashirin da 'yan kai ina ganin dutsen nan daga cikin gari, ban taɓa tambaya ba. Mun yi da shi cewa in an yi hutun zango na biyu zai raka ni, in tafi da littafi da biro in rubuta sunayen wuraren da Gbagyi da kuma Hausa.